Duwatsun da Ba a Wankewa

Ƴan matan unguwarmu in suka gan ni da safe na nufi bakin hanya da bokiti da soso, sai su ce, "Ga mai aikin hutu nan, za a je a zauna cikin sanyin kilima a kalli kifi." Ran nan ɗaya ta tare ni ta ce in koya mata kafin salla, wai ai zuba ruwa ne da gishiri. Ban ba ta amsa ba, na gaji, ga goyo na kuka. Shi ya sa na zauna na rubuta. Aji biyar na tsaya a lakol, wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa.

Sana'ata kula da akwatin kifi na gilashi, irin wanda masu hali ke ajiyewa a salo, ɗakin baƙi, don kallo. Yau akwati biyar ke hannuna tsakanin Gidan Rumji da Maradi. Uku na ruwan daɗi ne, waɗannan da sauƙi. Biyu na ruwan teku ne, su ke cinye mani jiki. Ni ban taɓa ganin teku ba, haɗa shi nake yi cikin bido, jarkar roba. Labarin akwatin farko zan ba ku.

Na shiga aikin a shekarar da sojoji suka karɓi mulki suka ce za su shirya zaɓe su mai da wa farar hula. Damanar da ta gabata ba ta yi ba. Abin da muka ɗauko daga gona bai fitar da mu sanyi ba. Maigidana ya sai da awakinmu ya bi motar Agadas zuwa Libiya, ya bar ni da ɗiyata ta fari tana wata tara, da tsohonsa. Tsohon ba zan rubuta sunansa ba, surukina ne, Baba nake ce mashi. Matarsa ta rasu tun kafin a kawo ni gidan. Mutanen gari Na-Lome suke kiransa, don ya yi shekaru a wani otel a Lome yana kula da akwatunan kifi kafin tsufa ya maido shi gida.

Akwai wani Alhaji a garin, mai fataucin aya da wake, ya ga irin akwatin nan a Dubai. Yana shirin tsayawa takarar depite, ɗan majalisa, ya gina sabon salo na karɓar baƙi, ya ce sai an kafa mashi teku a ciki. Ya kira Baba suka daidaita: buhun hatsi duk wata, muddin akwatin na raye. A waccan shekara buhun nan shi ne abin da za mu ci, babu wani abu a bayansa.

Matsalar ita ce idon Baba. Farar yana ta fara rufe shi. Yana ganin mutum kamar inuwa, ƙafarsa ta san hanya, hannunsa ya san aiki, amma launi ya ɓace mashi. Aikin nan kuwa rabinsa launi ne. Ɗansa ne ya kamata ya zama idonsa, ɗan ya tafi. Alhaji bai sani ba, mu ma ba mu so ya sani.

Kun san yadda ake tsakanin mace da uban mijinta a wurinmu. Shekara biyu ina gidan ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na kai tuwo sai in durƙusa bakin ƙofa in gaishe shi in juya. Ranar da ya yanke shawara, ina daka ya tsaya tsakar gida ya yi magana da yarinyar da ke bayana. Amarya yake ce mata, wasan kaka da jika.

"Amarya, ki gaya wa innarki gobe ta ɗauko bokiti ta biyo ni gidan Alhaji. Ke ma ki zo, ba ni barin matata gida, samari sun yi yawa."

Haka muka yi aikin. Shi ya gaya wa Amarya, ni in aikata. In ya yi tambaya in ba da amsa ina kallon ƙasa, kalma ɗaya ko biyu. Ni kuwa tambaya ba ta taɓa fita daga bakina ba. Ku riƙe wannan, daga nan ɓarnar ta fito.

Aikin farko haɗa ruwa. Akwatin ya kai tsawon gadon mutum ɗaya, gilashinsa kaurin ɗan yatsa. Ruwan famfo ba ya shiga kai tsaye. Akwai mataci mai kwalabe uku da aka kafa a bayan gidan, yana ɗiga cikin bido ɗis, ɗis, wuni guda. Kafin bido ɗaya ya cika, kusan huɗu sun tsiyaye ta ɗayan tiyon. Wannan nakan tara wa matan maƙwabta su yi wanki su ba dabbobi, in ba haka ba da bakinsu ya ishe mu. Kwana goma sha ɗaya muka yi kafin akwatin ya cika. Gishirin kuma ba na kasuwa ba ne. Daga Lome ya zo cikin buhunan leda, fari, mai laushi kamar garin rogo, in ya jiƙe a tafin hannu sai ka ji ya yi ɗumi. Hajiya, matar Alhaji, ta leƙo ta ce ga kantun Bilma nan jibge a sito, mi ya sa ake wahalar da mota.

"Hajiya, wancan na raƙumi ne," in ji Baba. "Wanga na kifi."

Ma'aunin gishirin ƴar roba ce mai allura a ciki. A cika ta da ruwa, a ƙwanƙwasa ta da ƙusa kumfa ya saki allurar, a duba inda ta tsaya. Baba ya tsaga wurin da wuƙa.

"Amarya, allura ta kai tsaga?"

"Saura kaɗan."

Sai a ƙara kofi ɗaya, a jira ya narke, a sake aunawa. Ya ɗaura zare a jikin gilashin daidai bakin ruwa. Kullum zafi na shanye ruwan, kullum in cika shi zuwa zaren da ruwan mataci, ba gishiri. Wannan kam ya yi wa Amarya bayaninsa, ya ce miya in ta tsotse ruwa ake ƙara mata. Shi kaɗai ne abin da na san dalilinsa a lokacin.

Duwatsun suka iso a babbar motar Alhaji, nannaɗe cikin jiƙaƙƙun jaridu. Ba su da nauyi, duk huji ne kamar gidan gara, suna warin bakin tabki. Baba ya riƙa ɗaukar su kamar ƙwai, yana shinshina kowane kafin ya sa shi ruwa. Ya jera su da hannu, ya bar kafofi a tsakani, ya kunna injin da ke juya ruwa. Sannan ya ɗaure yankan ɗanyen kifi cikin tsumma ya jefa ciki, ya ce ba abin da zai shiga akwatin nan sai bayan sati shida.

"Sati shida?" in ji Alhaji. "Na-Lome, salon nan kaf wata biyu aka yi ana gininsa."

"Gini da hannu ake yi, Alhaji. Wanga sai ya nuna da kansa."

Kwana huɗu kifin ya fara wari. Hajiya ta so ta sa turaren wuta, Baba ya hana. Baƙin Alhaji su zo su tsaya gaban akwati suna neman kifi, ba su ga komai ba sai duwatsu da tsumma. Na ji wani yana cewa Alhaji ya fara kiwon duwatsu, in ya ci zaɓe kowa zai samu ɗaya.

Awon safe shi ne dalilin zuwana. Ƴan kwalabe biyu ne, kowace tsawon yatsa. A ɗebo ruwan akwati, a ɗiga magani, a girgiza, a jira minti biyar, a ɗora a kan kati mai launuka. Ta farko in ruwa na lafiya ruwan ɗorawa take yi, in da guba sai ta koma tsanwa. Ta biyu in lafiya shuɗin sama, in da guba sai ta yi kamar bawon jar albasa. Sati na farko ta farkon ta yi tsanwa shar. Na tsorata, Baba ya ce madalla. Sati na uku tsanwar ta fara dushewa, ta biyun ta yi albasa. Nan ma ya ce madalla. Ban san mi ke daɗi a guba ba, ban kuma tambaya ba. Abin da na gane kawai, ranar da suka dawo ɗorawa da shuɗi tare, ranar ruwa ya nuna.

Akwai wani awon da nake zuwa duk sati biyu a gidan likita. Igiya ce mai launi uku da ake zagaya damtsen yaro da ita, don a ga ko tamowa ta kama shi. A can tsanwa ce lafiya, ɗorawa gargaɗi, ja kuwa a kwantar da ku. Da muka fara aikin Amarya na bakin tsanwa. Sati na uku ta shiga ɗorawa. Madam ɗin da ke awon ta ce in ƙara mata kunu, ni ma in riƙa ci. Na ce to. Daga nan cikin minti biyar ɗin jiran kwalabe nakan sauko da ita in zagaya hannunta da yatsuna biyu, in ga inda suka haɗu.

Ranar da wuta ta ɗauke gurup, injin wutar gidan, ma ya ƙi tashi, na san wani gefen aikin. Inji in ya tsaya ruwa mutuwa yake yi. Na wuni ina ɗiban ruwa da kofi ina zubowa daga sama, da goyo a baya, tun hantsi har la'asar. Zafi ya hau, Baba ya ce a nemo ƙanƙara cikin gorunan roba a jefa. Na fita na sayo. A ƙofar gidan mata ne zaune a layi da ƙorensu suna jiran sadakar Alhaji. Cikinsu akwai wata daga garinmu Cadawa, ta gane ni, ta ga ƙanƙara ta ce wa ke ciwo a gidan.

Na ce, "Duwatsu."

Ta ɗauka raini ne. Har yau ba ta amsa gaisuwata da kyau.

Sati na huɗu wani datti ruwan ƙasa ya rufe komai, gilashi da yashi da duwatsu. Na lura Baba gilashi kawai yake gogewa, duwatsu ko taɓa su ba ya yi. Soson da ke cikin inji kuma, in ya ciro shi, cikin ruwan akwatin da ya ɗiba yake ɗan matsa shi sau biyu ya mai da shi da baƙinsa. Ni kuwa a gidan da na tashi, ƙwarya sai an goge ta da yashi ta yi fari kafin a kife. Na ce a raina idon ne, tsoho bai ga dattin ba. Sau da yawa maganar ta zo mani baki, in haɗiye.

Sati na biyar kwalaben suka kusa dawowa daidai. Baba ya ce wa Alhaji a yi odar kifi. Za su sauka Yamai a jirgi nan da kwana goma, mota ta ɗauko su. Ranar ne aka aiko ƙanen Baba ya rasu a Sae Sabuwa. Kafin ya hau moto ya ce, "Amarya, ki ce wa innarki: gilashi, zare, inji. Ana sadakar uku zan dawo." Bai ce komai kan duwatsu ba. Bai taɓa zaton akwai mai taɓa su ba.

Washegari Hajiya ta kira ni. Manyan jam'iyya za su zo daga Maradi bayan sallar Juma'a, an share gidan har bayan ƙofofi. Ta tsaya gaban akwatin ta riƙe ƙugu.

"Ke maman Amarya, dubi abin nan don Allah. Kamar kududdufin bayan kasuwa. Wai tsohon nan ba ya gani ne?"

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta tashe ni. Na ce, "Yana gani, Hajiya. Yau ne ranar wankinsu."

Na kwashe duwatsun duka na kai bayan gida. Hajiya ta ba ni burushi da ruwan jabel na wankin fararen kaya. Na jiƙa su, na dirje kowane huji. Wasu ƴan tsutsotsi da ƙwari ƙanana suka riƙa fitowa suna murɗewa, na ce ashe har da tsutsa tsohon ya bari. Na ɗauraye da ruwan famfo, na shanya a kan kwanon rufi na ɗan lokaci, na mai da su. Soson inji ma na wanke shi sai da ya yi fari. Duwatsu suka fito tas kamar ƙashi. Baƙi suka zo suka yaba, suka ɗauki hoto da waya. Hajiya ta cika mani kwano da shinkafa da nama. Na koma gida ina ganin na rufa wa Baba asiri.

Da safe na tarar ruwan ya yi fari-fari kamar na wankin shinkafa. Na auna. Tsanwa. Na zubar na sake, na sake. Tsanwa.

Baba ya dawo ran Lahadi, Litinin muka tafi tare. Ban ce komai ba a hanya, ba ta inda zan ce. Yana shiga salon ya tsaya tsakiya ya ɗaga hanci. Ya ƙarasa, ya tsoma hannu, ya shafa dutse ɗaya, ya ciro shi ya shinshina. Ya daɗe a haka. Sannan ya zauna ƙasa da dutsen a cinya, abin da bai taɓa yi ba a gidan.

"Amarya," ya ce, "wa ya yi wa duwatsuna wankan gawa?"

Yarinyar barci take yi. Ba wanda zai ɗauki maganar sai ni.

"Ni ce, Baba."

Bai motsa ba. Na durƙusa. Na ce, "Baba, ina da tambaya. Mi ya sa ba a wanke su?"

Ya juyo da fuskarsa wajena. Ranar na fara ganin farin da ke cikin idonsa sosai.

"Ba ki sani ba?"

"Ba ku faɗa ba."

"Ba ki tambaya ba."

"Ba a tambayarku, Baba."

Ya juya dutsen a hannu. "Haka ne," ya ce. "Sati biyar ina koya wa jaririya sana'a. Zauna."

Na zauna. Ya ce cikin hujin duwatsun nan akwai halittu da ido ba ya gani, ko mai lafiya. Kifi a ruwan da yake numfashi yake fitsari, fitsarin guba ne, shi ne tsanwar da nake gani. Wasu daga cikin halittun su cinye shi su mai da shi wata gubar, ita ce albasar. Wasu kuma su cinye wannan. Ruɓaɓɓen kifin da muka jefa abincinsu ne, don su yi yawa. Soson ma gidansu ne, shi ya sa ba ya kai shi famfo.

"Su muke kiwo, ɗiyata. Kifi baƙo ne, sai gari ya zauna yake zuwa. Abin da kika gani datti, gari ne guda, kin sa mashi wuta."

Na ce kifin na zuwa nan da kwana shida.

"Na sani. Tashi mu je gida."

Da muka isa ya ce in shiga ɗakinsa in duba bayan gado. Na tsaya bakin ƙofa.

"Shiga mana. Kunyar ta isa haka. Ta kashe duwatsu, kada ta kashe mu."

A bayan gadon akwai babbar roba rufe da faifai, da batirin mota, da ɗan inji yana hura kumfa. Cikinta duwatsu biyar, baƙi ƙirin da datti. Sati biyar ina jin ƙugin abin nan daga tsakar gida, na ɗauka rediyonsa ne ya lalace.

"Iri ne," ya ce. "Na ware su tun ranar da mota ta zo."

Bayan la'asar muka je gaban Alhaji. Dole a gaya mashi za a zubar da ruwan duka, kifinsa kuma su sauka cikin robar wanki. Baba ya fara da cewa, "Alhaji, laifin idona ne," na ga zai tona abin da muka ɓoye don ya rufe ni. Na ce, "Ni na wanke su da jabel, Alhaji. Baba ba ya nan." Daga bakin ƙofa Hajiya ta ce, "Ni na sa ta." Alhaji ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Na-Lome, maganar idonka tsohuwa ce. Ran nan ka gai da rigata da ke rataye, har ka tambaye ta iyali. Sati nawa?"

"Uku. Ko huɗu."

"To. In na ga kifi da rai cikin gilashin nan, aiki na nan. In suka mutu a roba, na ba Hajiya akwatin ta jera kwanoninta, mu rabu lafiya."

Satuttukan da suka biyo baya su ne mafi wuya a duk aikina. Muka zubar da ruwan da muka yi kwana goma sha ɗaya muna tarawa. Duwatsun da na kashe muka jiƙa su muna sauya ruwa, muka shanya kwana huɗu a rana, sai da hancin Baba ya ce jabel ya fita. Yashi muka sake. Robar iri muka kawo ta kusurwar salo ƙarƙashin kilima. Kifin suka iso ran Lahadi cikin ledoji masu iska, guda shida: huɗu shuɗi kamar bula, biyu ruwan goro da farar ɗamara. Ba a juye su kai tsaye. Sai an ɗora ledar kan ruwa ta ɗauki sanyinsa, a riƙa zuba mata ruwan robar cokali-cokali kusan awa guda.

Robar ta yi masu kaɗan, don haka kullum sai na kwashe bido ɗaya na zuba sabo. Mataci ɗaya ne, yana ciyar da roba yana cika akwati, ɗis, ɗis. Tun asuba nake bakinsa ina sauya bido har rana ta faɗi. Abincin kifi da bakin farce nake ɗiba, don in ya yi yawa guba ne. Wannan bai yi mani wuya ba, a shekarar na iya raba abinci kaɗan-kaɗan. Da akwatin ya cika muka ɗauki biyu daga cikin duwatsun iri muka sa tsakiyar fararen, muka sake jefa yankan kifi, muka koma farko. Buhun gishiri na ƙarshe ya kai rabi. In aka sake kuskure babu na sake haɗawa.

Shuɗi ɗaya ya yi tsalle ya fita, na tarar da shi bushe a bayan kujera. Daga ranar na rufe robar da gidan sauro. Wani shuɗin ya daina ci, kwana uku ya tafi. Na auna hannun Amarya ranar har sau huɗu.

Amma tambaya kam na yi ta. Mi ya sa kofin da ke jikin inji ke tara kumfa mai wari? Mi ya sa fitilar akwatin take shuɗi? Mi ya sa ba a sa hannu da mai a ruwa? Baba ya amsa duka, wani lokaci har ya gaji.

"Amarya, innarki ta buɗe baki, yanzu sai Allah."

Kwana ashirin da uku da zuba sabon ruwa, na ɗora kwalaben a kan kati. Baba na zaune gefe da sandarsa.

"Ɗiyata, wane launi?"

"Ɗorawa."

"Ɗayar fa?"

"Shuɗi."

"Shuɗi na gaske, ko na tausayin tsoho?"

"Na gaske, Baba."

Bai yarda ba sai da suka maimaita haka kwana uku a jere. Ran na huɗu na kwashi kifin da kofi ɗaya-ɗaya na sake su cikin gilashi. Suka ruga bayan duwatsu. Alhaji ya shigo ya tsaya har ruwan goron suka leƙo.

"Huɗu? Ai shida na saya."

"Huɗu ne masu rai, Alhaji," in ji Baba.

Alhaji ya sunkuya ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya fita. Kafin azahar amalanken jaki ya tsaya ƙofar gidanmu da buhu. Hannun Amarya ya zauna a ɗorawa duk tsawon damana, bai taɓa ja ba. Sai da sabon hatsi ya shigo ya koma tsanwa. Yanzu tana aji uku.

Alhaji bai ci zaɓen ba. Baƙi suka ragu, salon ya yi shiru, akwatin na nan. Bayan wata biyar aka kawo murjani, na ga ashe abin da muke ratayawa a wuya rai gare shi, in fitila ta kama sai ya buɗe kamar yatsun jariri. Maigidana ya dawo da aka fara yaƙi a Libiya. Ya duba aikin kwana biyu ya ce shi kabu-kabu zai yi. Shi ke kai ni Maradi da bidoji.

To ke da kika ce in koya maki kafin salla, ga sharaɗina. Sati shida za ki yi kina kula da akwatin da ba kifi. Bayanki zai yi ciwo, gishiri zai tsattsage maki hannu, ranar da wuta ta ɗauke ba ki da gida. Kuma duk abin da kika ga na yi, ki ce mani mi ya sa. In kika wuni ba ki tambaya ba, gobe kada ki zo.

Baba yanzu ba ya gani sam, ba ya kuma fita. Amma duk ranar da na dawo na aje bokiti, sai in ji shi daga ƙofar ɗaki.

"Ɗiyata, miƙo soson."

In miƙa mashi. Ya kai hanci, ya daɗe, ya miƙo mani.

"Da dattinsa. Je ki huta."